Sallama da Amsa Tsakanin Na'urori: Nazari a Kan Ɗora wa Kwamfuta Aikin Saita Ƙa'idar Zaɓen Hanya

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka haɗa kwamfutoci masu yawa, kamar a jami'a ko banki, akan sami wata na'ura wadda wayoyinsu ke taruwa a jikinta, masu sana'ar suna kiranta suwic. Jikinta kafofi ne a jere, galibi 24 ko 48, kowace kafa da wayarta. Waɗansu daga cikin irin waɗannan na'urori ba su tsaya ga rarraba saƙo a cikin gida ɗaya ba, har sukan zaɓa masa hanyar da zai bi ya isa wani wuri mai nisa. Wannan maƙala za ta duba yadda ake ɗora wa kwamfuta aikin saita kafofin nan, da kuma inda kuskure ke komawa bayan an ɗauke aikin daga hannun mutum.

2.0 Sharaɗin Maƙwabtaka

Ƙa'idar da za a kafa misali da ita ita ce OSPF, wadda John Moy ya wallafa bayaninta na farko a 1989. Tana lissafin hanya mafi sauƙi ne da dabarar da Edsger Dijkstra, mutumin ƙasar Holan, ya buga a 1959. Amma kafin a kai ga lissafi, dole na'urori biyu da waya ta haɗa su yarda cewa su maƙwabta ne. Kowace takan aika saƙon sallama ta kafarta duk bayan daƙiƙa 10, in kuwa daƙiƙa 40 ta wuce ba ta ji sallamar 'yar'uwarta ba, sai ta ɗauka hanyar ta mutu.

A nan ne gizo ke saƙar. Ba a amsa sallama sai ɓangarorin biyu sun dace a kan lambar yankin da kafar take ciki, da tazarar sallamar, da rukunin adireshi, da kalmar sirri in an sa. Ko an amsa ma, idan iyakar girman ƙunshin saƙo ta bambanta, maƙwabtakar kan cije a tsakiya, ba gaba ba baya. Abin lura shi ne, mai duba saitin kowace na'ura ita kaɗai ba zai ga aibu ba. Wanda ya rubuta 10 a nan bai yi laifi ba, wanda ya rubuta 30 a can shi ma haka. Saɓanin yana tsakaninsu ne. Ma'aikacin da ke da na'ura 200 masu kafa 48, watau kafa 9,600, yana shiga ɗaya bayan ɗaya yana buga umurni da yatsa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya haifar da irin wannan saɓani.

3.0 Rajista da Samfuri

Maganin da aka fi bi shi ne a raba aikin gida biyu. Akwai rajista, inda ake rubuta bayanin kowace kafa, sa'an nan akwai samfurin umurni mai guraben da aka bari a buɗe. Manhaja irin su Ansible, wadda Michael DeHaan ya fitar a 2012, ita ke cike guraben daga rajista ta aika wa na'urorin. Akwai kuma NETCONF ta 2006 da harshen YANG na 2010, waɗanda ke miƙa saiti a tsare ba tare da kwaikwayon mai buga umurni ba.

Sai dai da yawa sukan tsara rajistar na'ura-na'ura, kuma wannan rabin aiki ne, domin bayanin waya ɗaya ya shiga wuri biyu ke nan, ana iya gyara ɗaya a manta da ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta kowace waya sau ɗaya tak: daga kafa kaza ta na'ura kaza zuwa kafa kaza, yanki kaza, tazara kaza. Daga wannan layi guda ne manhaja za ta fitar da saitin ɓangarorin biyu, saɓani ya rasa ta inda zai shigo. Kafar da ke fuskantar kwamfutocin ma'aikata kuwa, wadda ba ta da maƙwabciya a rajista, sai samfuri ya hana ta sallama, don kada baƙuwar na'ura ta amsa ta cusa hanyoyin ƙarya.

4.0 Kuskure Mai Sauri

Kuskuren yatsa kafa ɗaya yake ɓatawa, na samfuri kuwa dubbai yake shafa cikin ɗan lokaci, har ya yanke hanyar da za a bi a gyara shi. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani umurni da aka bayar yayin aikin gyara ya katse manyan hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin Facebook, manhajar da aka tanada don tace irin wannan umurni kuma ta kasa tare shi saboda wani lahani a cikinta. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kimanin awa shida, sai da injiniyoyi suka taka da ƙafa zuwa ɗakunan na'urorin. Ƙa'idar da ta shiga zancen a can BGP ce, ba OSPF ba, amma haɗarin iri ɗaya ne.

Saboda haka mai hankali yakan sa manhaja ta fara nuna bambancin da ke tsakanin saitin da ke kan na'ura da wanda za a aika, ya karanta, ya gwada a kan na'ura ɗaya ko biyu, ya ƙirga maƙwabtan da suka amsa sallama ya ga ko sun yi daidai da na rajista, sa'an nan ya saki sauran. Na'urorin Juniper suna da wani umurni na aiwatar da sabon saiti bisa sharaɗi: idan minti 10 ya cika mai aikin bai dawo ya tabbatar ba, na'urar da kanta za ta koma kan tsohon saitinta.