Darasi a kan Motar Ƙungiya: In Sitiyari Yana Rawa

Darasinmu na wannan wata a kan motar ƙungiya ne, watau Land Rover ko Land Cruiser da muke kai taki ƙauye da ita, mu kuma kai gero da wake kasuwar Dawanau. A hanyoyin ƙauyukan Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Ɗambatta mota takan tafi a hankali, ba a jin kome. Amma da ta hau kwaltar Kano zuwa Katsina, ko ta Kano zuwa Daura, ta ɗauki gudu, sai sitiyari ya kama rawa a hannun direba. Waɗansu sukan ce halin tsohuwar mota ne. Ba haka ba ne. Rawar sitiyari tana da dalili, mu kuwa muna iya gano shi kafin mu taɓa kuɗin asusu.

Abin da direba zai yi nan take

In rawar ta taso, kada ya danna birki da ƙarfi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗauke ƙafa daga totur, ya bar mota ta rage gudu, sa'an nan ya ratse gefe ya tsaya. Kada ya ƙara wuta wai don ya wuce rawar, balle da mutane a bisa kaya.

Tambaya ta fari: yaushe take zuwa?

Kafin a ɗauki sifana, sai a zaunar da direba a tambaye shi, gama amsarsa ita ce rabin aikin. Rawar iri huɗu ce.

1. Tana farawa wajen gudun kilomita 70 zuwa 90 a awa, a kan kwalta mai kyau, tana ɓacewa in an rage. Wannan galibi daga taya ne ko rim.
2. Tana tasowa farat ɗaya bayan an faɗa rami, mai tsanani, ba ta dainawa sai an kusa tsayawa. Wannan alama ce wani abu ya kwance ko ya cinye a ƙafar gaba. Ita ce mafi hatsari.
3. Sai an taka birki take zuwa. A duba faifan birki ko gangarsa.
4. An fi jinta a kujera da ƙasan mota, tana ƙaruwa in an ba da wuta. A duba mahaɗan farfela.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Da fari a wanke cikin rim. Da damina, ko in an shiga fadama wajen dam ɗin Watari a Bagwai, taɓo yakan bushe a gefe ɗaya na rim. Kada mu rena shi. Tayar Land Rover mai lamba 7.50-16 tana juyawa kamar sau 9 a daƙiƙa ɗaya in ana gudun kilomita 80. A wannan gudu, curin taɓo mai nauyin giram 200 yana fizgar taya da ƙarfin da ya kai na kilo 12. In gudu ya ninka biyu, fizgar takan ninka huɗu. Shi ya sa ba a jinta a hanyar ƙauye, sai a kwalta.

Sa'an nan a gwada notunan taya duka, a auna iska wajen mai faci, a shafa tayar da hannu ko akwai kumburi ko wurin da ta cinye gefe ɗaya. A duba shekarunta kuma. Tun shekarar 2000 akwai lamba huɗu a jikin taya: biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2319 mako na 23 ke nan na 2019. Tayar gwanjo takan yi kyau a ido alhali ta tsufa.

Ga gwaji mai sauƙi: a mai da tayoyin gaba baya, na baya su zo gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, to, mun kama ɓarawo. Sai a kai tayar a yi mata balansi, in kuwa rim ne ya lanƙwashe a canja shi.

In ba taya ba ce

Wannan aikin mutum biyu ne. A tsai da mota a ƙasa mai tauri, a toshe tayoyin baya da dutse, a ɗaga gaba da jak, a tokare da katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana motsi, ɗayan ya taka birki a sāke girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne. In yana nan, madogarar da ƙafar ke juyawa a kanta ce ta cinye, watau wadda ke saman ƙwallon aksul da ƙasansa. Sa'an nan a kama taya dama da hagu. In tana motsi sitiyari bai motsa ba, sai a duba kawunan tayarod.

Bayan haka a sauke mota ƙasa. Ɗaya ya riƙa juya sitiyari kaɗan kaɗan, dama da hagu, ɗayan ya durƙusa a gaba yana kallon kowace mahaɗa, yana ɗora hannu a kanta. Inda aka ji ƙwas-ƙwas, a sa masa alama da alli.

Sai mu san irin motarmu. Tsohuwar Land Rover mai sifirin na falle-falle, a duba ƙarafan da suka ɗaure sifirin da aksul, da bushin bakin sifirin. Daga 1983 Land Rover ta fito da mai naɗaɗɗen sifirin, Land Cruiser 70 kuma ta koma irinsa a gaba a 1999. Waɗannan suna da sandar ƙarfe a gicciye wadda ke hana aksul zamewa gefe. In bushinta ya cinye, ko notinta ya kwance, rawa iri na biyu takan biyo baya.

Gargaɗi

Akwai ƙaramin shakazoba a kwance a jikin sandar sitiyari. In an sa sabo rawar takan lafa, sai a ce an gyara. Amma aikinsa rage bugun rami ne kawai. Cutar tana nan a ɓoye tana ci, ran da kan tayarod ya fita kuwa, sitiyari ba shi da sauran iko da taya. Saboda haka a gyara abin da ya cinye tukuna.

In za a sayi kaya a Ƙofar Ruwa, a tafi da tsohon a hannu don a gwada. A riƙa canja abu ɗaya, a gwada motar, a rubuta a littafin ƙungiya, kada a canja biyar a rana ɗaya. Bayan an taɓa tayarod, lalle a daidaita tsayuwar tayoyin gaba a gareji, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye kafin kaka ta wuce. Kuɗin nan gumin membobi ne, rayukan da ke cikin motar kuwa amana ce a wuyanmu.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. Wa ke da ikon tsai da motarmu in direba ya ce tana rawa?
2. Shekarar tayoyinmu nawa? A fita a karanta lambar.
3. Yaushe aka yi wa ƙafar gaba binciken ƙarshe, an kuwa rubuta?

Muna roƙon kowace ƙungiya ta yi wannan bincike kafin jigilar kaka ta kankama. Allah ya kiyaye hanya, amin.