Dutsen Kwatarkwashi: Magani Dabam, Tsafi Dabam

Darasinmu na wannan wata a kan wata tambaya ne wadda ta ke damun masu-bi da yawa, amma kaɗan ne su ke kawo ta a fili gaban Ekklesiya. Ga tambayar. Idan ɗan mai-bi yana ciwo, aka kuwa ce akwai maganinsa a bisa wani dutse wanda mutane su ke tsoro saboda iskoki, ya halatta uban ya hau ya ɗebo? Waɗansu sun ce ko kallon wurin bai kamata ba. Waɗansu kuwa sukan tafi a ɓoye, su yi dukan abin da boka ya ce, ran Lahadi su zo su zauna kamar ba a yi kome ba. Dukansu biyu sun kauce hanya. Domin mu gane haka, bari mu ɗauki dutse guda wanda mu mutanen Sakkwato muka sani, watau Dutsen Kwatarkwashi.

Dutsen da labarinsa

A nan birnin Sakkwato ba mu da manyan duwatsu. Ƙasarmu yashi ce da marmara da fadama. Amma in ka bi hanyar Gusau, ka wuce Tureta da Talata Mafara da Maru da Bunguɗu, tafiyar da ta ɗara kilomita 200, sa'annan ka bar Gusau ka nufi Tsafe da Funtuwa, ba za ka yi nisa ba sai ka ga dutsen a tsaye, garin kuwa yana kwance a gindinsa. A da ƙasar tana ƙarƙashin Sakkwato, har shekara ta 1996 da aka yanke Jihar Zamfara.

Mutanen da ba wawaye ba ne da suka zaɓi irin wannan wuri. Dutse yana riƙe ruwa a cikin kwaruruwansa, akwai naman farauta, mahaya kuma ba su iya kai hari bisansa da doki. Wurin da ya ceci mutum daga yaƙi da ƙishirwa, ba wuya ya fara jin tsoronsa, daga nan ya fara yi masa yanka. Haka ya faru a Kwatarkwashi. Maguzawan wurin sun gaskata iskoki suna zaune a dutsen, an kuma san garin a da da bikin shekara inda a kan hau a kamo mikiya. Yau yawancin mutanen garin Musulmi ne, amma labarin dutsen bai fita daga bakin mutane ba.

Ba Kwatarkwashi kaɗai ba ne. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe wanda ya zauna a Dutsen Dala yana hidimar Tsumburbura, mutane suna kawo masa baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. A Zariya kuma akwai Kufena. Da yawa daga cikinmu jikokin waɗannan mutane ne, saboda haka labarin gidanmu mu ke yi.

Yadda a ke hawa

Wanda zai hau irin wannan dutse, sai ya fara da gaisuwa. A je wurin sarki ko mai-unguwa a nemi izini, a kuma roƙi ɗan gari ya yi jagora, gama kowane dutse yana da hanyarsa, baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne. A tashi da asuba, domin in rana ta take dutsen yakan yi zafi har ya ƙona tafin ƙafa. A riƙe gorar ruwa da sanda. Da damina dutsen yana da santsi ƙwarai, saukowa kuma ta fi hawa hatsari. Kada a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, gama nan kububuwa da kunama su ke kwana, zuma kuma takan yi saƙa a cikin kogo. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, sai a ɗauke shi zuwa asibiti da hanzari.

Akwai kuma abin da ya fi maciji. Tun wajen shekara ta 2011 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zamfara da kisa da satar mutane. Kada kowa ya kama hanyar daji a ƙasar nan sai ya ji daga bakin mutanen wurin da na hukuma cewa akwai lafiya. In an ce babu, sai a haƙura. Dutse ba ya gudu.

Itatuwan da ke bisa

Ga kaɗan daga cikin itatuwan da a ke samu a irin waɗannan duwatsu na ƙasar Hausa da kewayensu.

Hano, wanda waɗansu su ke kira ararraɓi, yana son wuri mai-duwatsu. Ɓawonsa yana saɓulewa kamar takarda, ƙaronsa yana da ƙanshi. A kan dafa sassaƙensa domin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ɗan'uwan itacen lubban ne, irin wanda masu-hikima suka kai wa Yesu. Sunan da masana itatuwa suka ba shi yana ɗauke da sunan Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da Hausa ya buga su a shekara ta 1916.

Kukkuki ma na dutse ne, yana ba da ƙaro. A gangare kuwa akwai marke, wanda a ke sha domin tari, a ke kuma yin asuwaki da shi. Akwai sabara, wadda mata suka sani wajen wankan jego. Inda ƙasa ta ke da laima akwai maɗaci, wanda ɗacin sassaƙensa ya ba shi suna.

Amma a dutsen nan guda akwai tinya, wadda ruwanta fari zai iya makantar da mutum. A jeji kuma akwai kwankwani, wanda maharba su ke haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa. Daga dangin kwankwanin nan likitocin Turai suka taɓa fitar da maganin ciwon zuciya. Abu guda ke nan, kaɗan ya taimaki zuciya, da yawa ya tsayar da ita. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ina ƙarfin magani ya ke?

A nan ne tushen darasin. Sura ta fari ta Farawa ta nuna mana Allah ne ya sa ƙasa ta fid da ganyaye da itatuwa, tun ba a yi mutum ba, balle boka. Hanon da ya tsiro a Kwatarkwashi da wanda ya tsiro a dutsen da ba a taɓa yi wa yanka ba, aikinsu ɗaya ne a cikin jiki. Da iska ce ta ke ba shi ƙarfi, da na wancan dutse bai yi aiki ba.

Ku dubi misalin kwinin. Daga sassaƙen wani itace ne na duwatsun Andes a Amurka ta Kudu, inda mutanen ƙasar su ke girmama duwatsunsu kamar yadda kakanninmu suka yi. A shekara ta 1820 waɗansu masana biyu a Faransa suka tace maganin daga sassaƙen. A 1841 Turawa suka shigo kogin Kwara da jiragen ruwa, tare da Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön wanda ya yi aiki da yawa a kan harshen Hausa, zazzaɓi ya kashe musu mutum fiye da 40. A 1854 Likita Baikie ya shigo, Crowther yana tare da shi kuma, ya sa mutanensa shan kwinin kowace rana, ba wanda ya mutu. Ba a yanka wa duwatsun Andes ko kaza ba, magani kuwa ya ci. Maganin zazzaɓin cizon sauro da a ke bayarwa a asibiti yanzu ma, asalinsa wani ganye ne na ƙasar Sin, dangin tazargade. Matar da ta jagoranci gano shi, Tu Youyou, ta sami lambar Nobel a 2015.

Littafi Mai-Tsarki ya ba mu sarakuna biyu marasa-lafiya. A Sarakuna na Biyu sura 20, Hezekiya ya yi addu'a, Ishaya kuwa ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun, ya warke. A sura ta fari ta wannan littafi, Ahaziya ya faɗo daga bene, ya aika a tambayi gunkin Ekron ko zai tashi, Iliya ya tare manzannin da faɗa, sarkin kuwa bai sauka daga gadon ba. Dukansu sun nemi lafiya. Ba a tsauta wa wanda ya yi amfani da 'ya'yan itace ba. An tsauta wa wanda ya kai kukansa wata ƙofa.

Gwaji uku

Wahalar ita ce, mai-magani yakan ba ka saiwa da sharaɗi a ƙunshi ɗaya. Yaya za ka raba su? Ga gwaji uku.

Na ɗaya: sharaɗin nan domin jiki ne, ko domin a faranta wa wani rai? In an ce ka shanya a inuwa, ka tafasa, ka sha da kunu, kada mai-ciki ta sha, wannan ilimi ne, ka karɓa da godiya. In an ce ka yanka baƙin zakara a gindin itacen, ka kira sunan wane, ka tafi da tsakad dare kada ka waiwaya, wannan bauta ce. Ka ce, “Baba, na gode, saiwar na ke so, sauran ba zan iya ba.” In ya ce ba ta ci sai da yanka, ka bar masa abinsa.

Na biyu: in an warke, wa za a gode wa? In akwai alkawarin komawa da akuya, to, bashi ka ɗauko, ba magani ba.

Na uku: ƙaramin mai-bi da ya gan ka, me zai fahimta? Bulus ya yi wannan magana a Korintiyawa ta Fari sura 8 da 10, a kan naman da aka yanka wa gumaka. Ɗan'uwan da ya fito daga bori bara, in ya ga dattijon Ekklesiya yana hawa a ɓoye, zai ce ashe duk ɗaya ne. Saboda haka abin da za ka yi, ka yi shi da rana, da sanin 'yan'uwa.

Gargaɗi biyu

Kada wani ya ce tun da ba tsafi a ciki, ganye ba ya cutarwa. Ku tuna da kwankwani. “Cikin hannu ɗaya” ba awo ba ne, abin da babba ya sha ya tashi kuwa zai iya kwantar da jariri. Yaro mai-zafin jiki, ko mai-suma, ko mai-zawo wanda idonsa ya faɗa, asibiti za a kai shi a ranar, a kuma gaya wa likita abin da aka riga aka ba shi. Iyaye da yawa sun rasa 'ya'ya, ba domin saiwar ta kashe su ba, sai domin kwana ukun da aka ɓata ana jiran ta ci.

Kada kuma mai-bi ya hau dutse da fahariya, yana shurin tukwanen mutane yana dariya. Bulus ya zaga Atina ya duba wuraren sujadarsu da kyau kafin ya buɗe baki, da ya buɗe kuwa da ladabi ya fara. Sa'anda matar Samariya ta tambayi Ubangiji a kan dutsen kakanninta, bai zagi kakanninta ba, sai ya nuna mata sujada ba ta rataya ga wani dutse ba. Wanda ba ya tsoron dutse ba shi da bukatar zaginsa. In kuwa ka sassaƙi itace, ka ɗiba gefe guda, kada ka zagaye shi, gama itacen da aka zagaye yakan mutu, na bayanka kuma zai zo da nasa mara-lafiya.

Tambayoyi domin aji

1. Me ya sa kakanninmu suka zauna a gindin duwatsu, ta yaya kuma godiya ta juya ta zama bauta?
2. Mene ne bambancin Hezekiya da Ahaziya?
3. Ku kawo sharuɗɗa biyar da kuka taɓa ji daga bakin masu-magani, ku auna kowanne da gwajin nan uku.
4. Waɗanne alamu ne a jikin yaro su ke nuna kada a jira, sai asibiti?
5. Tsofaffin da ke cikinku su kawo ganyayen da suka sani mako mai-zuwa, matasa su rubuta sunayensu da amfaninsu da hatsarinsu.