Rayuwar Ɗalibi Mai Koyon Harshen Koriya da Al'adunta

1.0 Gabatarwa

Bahaushen da ya tashi da Hausa a bakinsa ba zai iya tuna ranar da ya koyi cewa rana "ta" faɗi, wata kuma "ya" fito ba. Abin ya shige shi ne tun yana goye. Wannan ne ya sa malamin da aka ba ajin waɗanda ba Hausawa ba yakan rasa gane dalilin da zai sa babban mutum mai hankali ya ce "Binta ya zo", har ya ɗauka sakaci ne ko rashin ƙwazo. Domin ɗalibi mai shirin zama malami ya ɗanɗana irin halin da mai koyon harshe na biyu yake shiga, wannan darasi zai bi rayuwar baƙon ɗalibi a Koriya ta Kudu, tun daga aji har zuwa ɗakin kwanansa. An zaɓi harshen Koriya ne saboda ba shi da dangantaka da Hausa ko Larabci ko Ingilishi, don haka duk wanda ya tunkare shi daga cikinmu ba shi da wata sandar dogarawa.

2.0 Makaranta da Tsarin Karatu

Galibin manyan jami'o'in Koriya ta Kudu suna da cibiyar koyar da baƙi harshe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa ita ce ta Jami'ar Yonsei da ke Seoul, wadda aka buɗe a 1959. Tsarin cibiyoyin kusan iri ɗaya ne. Shekara tana da zango huɗu, kowane zango mako 10, ana karatu awa huɗu a yini daga Litinin zuwa Juma'a, wato awa 200 ke nan a zango. Matakan karatu shida ne, don haka wanda bai taɓa maimaita aji ba zai kammala cikin shekara ɗaya da rabi. Ana kiran suna kullum, kuma yawan fashi yana hana wucewa mataki na gaba, yana iya shafar takardar izinin zama a ƙasar ma.

A aji ɗaya za a tarar da 'yan Biyetnam da Sin da Mongoliya da Uzbekistan da Japan, wani lokaci da ɗan Afirka ɗaya ko biyu. Tun da ba su da wani harshe da ya haɗa su duka, malama takan yi magana da harshen Koriya tun daga makon farko, tana haɗawa da nuni da zane da kwaikwayo. Dole ta sa ɗalibai su ma su riƙa lallaɓa ɗan abin da suka koya domin su ari alƙalami ko su tambayi hanyar ɗakin cin abinci.

Abin da ke raba gardama a ƙarshe shi ne jarrabawar TOPIK, wadda aka fara a 1997, mai matakai shida ita ma. Ɗalibin da ya je da tallafin karatu na gwamnatin Koriya, wanda ake kira GKS, yakan yi shekara guda a kan harshe kaɗai, kuma sai ya ci mataki na 3 kafin a bar shi ya shiga karatun digiri. Ke nan ga irin wannan ɗalibi harshen ba abin sha'awa ba ne kawai, makomar karatunsa gaba ɗaya a kansa take. A Nijeriya kuwa, mai son ya fara tun daga gida yana iya neman Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a Abuja a 2010.

3.0 Haruffa

Makon farko mako ne na murna. Rubutun Koriya, wanda ake kira Hangul, an ƙirƙire shi ne da gangan a 1443 a zamanin Sarki Sejong, aka bayyana shi ga jama'a a 1446, domin talakawan da ba su da halin shafe shekaru suna haddar alamomin rubutun Sin su ma su iya rubuta abin da ke ransu. Da haruffa 28 aka fara, yanzu 24 ake amfani da su: baƙaƙe 14 da wasula 10. An zana manyan baƙaƙen ne bisa siffar gaɓoɓin furuci. Misali, ㅁ (m) siffar baki ce, ㄴ (n) kuma siffar harshe ce a lokacin da ya taɓa hanƙa. Ana tara haruffan kowace gaɓar kalma a dunƙule wuri ɗaya, kamar ㅎ da ㅏ da ㄴ su ba da 한 (han). Ɗalibi mai himma yana iya karanta allon kanti cikin 'yan kwanaki, ko da bai san ma'anar abin da ya karanta ba.

Murnar ba ta daɗewa, domin nan da nan naso zai bayyana. Kamar yadda muke rubuta "gidan Bala" mu furta "gidam Bala", haka Bakoriye yake rubuta guk-mul, wato romo, ya furta gungmul. Ɗalibin da ya yi nazarin tsarin sautin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai dokokin sun fi namu yawa.

4.0 Sauti da Ginin Jimla

Harshen Koriya yana rarrabe baƙaƙe uku a inda kunnen Bahaushe yake jin ɗaya ko biyu: akwai mai sauƙi, da mai fitowa da iska, da mai tauri. Dal wata ne, tal abin rufe fuska ne, ttal kuwa 'ya ce. Bul wuta, pul ciyawa, ppul ƙaho. Baƙo yakan yi watanni yana rantsuwa cewa duk ɗaya yake ji. A nan ya kamata malamin Hausa ya tuna da ɗalibinsa da ya kasa raba "kafa" da "ƙafa", ko "dauka" da "ɗauka". Ba taurin kai yake yi ba, kunnensa ne bai riga ya buɗe ga bambancin ba, kuma tsawa ba ta buɗe kunne.

A ginin jimla kuwa, Hausa tana kawo aikau, sai aikatau, sai karɓau. Harshen Koriya yana ajiye aikatau a ƙarshe, ya kuma liƙa wa kowane suna ɗafin da ke nuna aikinsa:

Haksaeng-i chaek-eul ilgeoyo.
ɗalibi littafi karanta
"Ɗalibi yana karanta littafi."

Ɗafin -i yana nuna aikau, -eul kuma karɓau. Tun da lokaci da yanayin magana duk a wutsiyar aikatau suke, ba a sanin inda mai magana ya dosa sai ya dire. Wani sauƙi da ɗalibi zai samu shi ne babu jinsi a nahawun harshen, kuma karin harshen Seoul ba ya bambanta ma'ana da karin sauti.

Ƙidaya iri biyu ce. Akwai ta asali, hana, dul, set, akwai kuma ta aro daga Sinanci, il, i, sam. Wajen faɗin lokaci ana ƙirga awa da ta asali, minti da ta aro, a cikin jimla ɗaya. Wannan yana ba ɗalibai haushi ƙwarai, amma Bahaushe ba shi da bakin ƙorafi, domin idan ya ce "ashirin da biyar" ya haɗa Larabci da Hausa ne bai ko lura ba.

5.0 Girmamawa

Nan ne gizo yake saƙar. A Hausa ladabi yana cikin gaisuwa da durƙusawa da sakaya suna da kalamai irin su "ranka ya daɗe" da "Allah gafarta Malam". Amma jimlar "na tafi kasuwa" ɗaya ce, ko ga ƙanenka ka faɗe ta ko ga hakimi. A harshen Koriya babu jimlar da za ta fita daga baki ba tare da ta nuna matsayin mai sauraro ba, domin wutsiyar aikatau ce take ɗauke da shi. Dubi aikatau gada, wato tafiya:

ga: ga aboki na kusa ko yaro
gayo: ga wanda ake jin nauyinsa, a maganar yau da kullum
gamnida: a taro, ko labarai, ko gaban manya a wurin aiki
gaseyo: idan wanda zai yi tafiyar babba ne

Nau'in farko shi ake kira banmal, ma'ana "rabin magana", masu ladabin kuma jondaenmal. Yi wa babba banmal cin fuska ne da kan jawo faɗa. Ci gaba da yi wa aboki jondaenmal bayan an shaƙu kuma yana nuna kana ja da baya da shi. Saboda haka abokai sukan tsaya su yi shawara a fili cewa daga yau za a sassauta magana, kuma galibi babban ne yake ba da izini.

Wasu kalmomin ma sauyawa suke yi ɗungurungum. Abincin yaro bap ne, na kaka jinji. Gidan aboki jip, na malami daek. Shekarun tsara nai, na dattijo yeonse. Muna da ɗan misalin haka a bambancin "mutu" da "rasu", kuma su ma suna da jukda da doragasida a daidai wannan gurbi.

Wannan ne dalilin da ya sa Bakoriye yakan tambayi baƙo shekarunsa tun a haɗuwar farko. Ɗaliban da suka zo daga Turai sukan ɗauki tambayar a matsayin shisshigi, alhali mutumin yana neman sanin da wane baki zai yi magana ne. A al'adarsu jariri yana da shekara ɗaya ran da aka haife shi, kowa kuma yana ƙara shekara ranar 1 ga Janairu. A watan Yuni na 2023 doka ta mayar da lissafin hukuma irin na sauran duniya, shi ya sa tambayar shekarar haihuwa ta fi raba gardama. Da zarar an san babba, kiran suna ya ƙare. Namiji yana kiran wansa hyeong, yarsa nuna. Mace kuwa tana cewa oppa da eonni. Ana amfani da waɗannan ga abokai ma, kamar yadda muke cewa "Yaya" ga wanda ba ciki ɗaya muka fito ba. A jami'a wanda ya riga ka shiga seonbae ne, malami kuma seonsaengnim, ba a kuma ce masa "kai".

A wannan fage ɗan Hausa yana da riba a kan abokan ajinsa da yawa. Cire takalmi a bakin ƙofa, da miƙa abu da hannu biyu, da jiran babba ya fara sa hannu a abinci, duk ya san su tun daga gida. Ya kuma san uri, wato "mu", domin Bakoriye "gidanmu" yake cewa da "babarmu" kamar yadda muke yi. Sun ma zarce mu, tun da mace takan ce uri nampyeon, "mijinmu", ba ta kuwa da kishiya. Haka nan abin da suke kira nunchi, wato karanta fuska da yanayi a gane abin da ba a furta ba, ba zai yi wa wanda ya tashi cikin kara da kawaici wuyar fahimta ba. Abin da zai ba shi wahala shi ne mayar da ladabin da ke zuciyarsa zuwa wutsiyar aikatau cikin sauri, a lokacin da dattijo yake tsaye yana jiran amsa.

6.0 Bayan An Tashi Daga Aji

Awa huɗu kawai ake yi a aji, sauran ashirin na ɗalibi ne, kuma a cikinsu ake gane wanda zai iya harshen. Wasu suna kwana a ɗakunan jami'a, wasu a goshiwon, wato 'yan ƙananan ɗakunan haya da gado da tebur suke cinye kusan dukkan filinsu. Hunturu yana da tsanani, domin a watan Janairu sanyin Seoul yana sauka ƙasa da sifiri, sai dai ana ɗumama daɓen ɗaki ta ƙarƙashi, tsarin da suke kira ondol.

Abinci shinkafa ce da miya da kimchi, wato kabejin da aka tsima da barkono da tafarnuwa. Naman alade ya yawaita, kuma zumuncin ɗalibai sau da yawa a teburin giyar soju ake ƙulla shi. Ga ɗalibi Musulmi wannan babbar matsala ce: idan ya ƙaurace wa zaman ya rasa wurin da ake jin harshen a sake, idan ya je kuma dole ya iya ƙin abu ba tare da ya ɓata wa babba rai ba. Shi ya sa jimlar dwaejigogi mot meogeoyo, "ba na iya cin naman alade", takan shiga bakinsa kafin a zo kanta a littafi. Ranar Juma'a wanda ke Seoul yakan nufi babban masallacin unguwar Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, inda ake samun shagunan halal a kewaye.

Lokacin bukukuwan Seollal, sabuwar shekarar wata, da Chuseok, bikin kaka, jama'a suna komawa garuruwan iyayensu, shaguna da yawa su rufe, baƙo ya wayi gari shi kaɗai a ɗaki. Kewar gida takan tsananta a nan. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan haɗari, wato ɗalibi ya lafe cikin 'yan ƙasarsu ko masu jin Ingilishi. Irin wannan yana iya cin jarrabawar rubutu da maki mai kyau, amma idan mai shago ta gaishe shi da bap meogeosseoyo?, "ka ci abinci?", sai ya tsaya lissafa abin da ya ci, bai san cewa ɗan'uwan "ina gajiya?" ba ne, wadda ba a amsa ta da labarin ciwon baya. Malamin Hausa da ya koyar da "ba gajiya" a allo bai gama aiki ba sai ya tura ɗalibinsa kasuwa ko majalisa ya ji yadda ake jera gaisuwar, da wanda ke farawa, da inda ake tsayawa.

7.0 Jinga

1. Kawo kalmomin Hausa biyar, ban da "rasu", waɗanda ake amfani da su a madadin wasu saboda girmamawa ko kunya, ka bayyana wanda ake faɗa wa kowacce.
2. Tsara darasin minti 40 da za ka koyar da bambancin /k/ da /ƙ/ ga ajin da babu Bahaushe a ciki, ba tare da ka yi amfani da Ingilishi ba.
3. Nemi wani da ya koyi Hausa da girmansa, ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala a watanninsa na farko, ka kwatanta amsarsa da abin da ke sashe na 4.0 da na 5.0.