Ɗana, Ka Tara Mutane Kafin Ka Tara Kuɗi

 Na ji daɗi da ka kama sana'a, kuma na san zuciyarka mai kyau ce. Lissafi kam ba ni zan koya maka ba, kun fi mu boko. Zama da mutane nake so mu ɗan tattauna, don shi ke riƙe kasuwa.

Ka san kakanninmu fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja neman goro. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata. Ya ratsa Yawuri, ya haye Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu, har ya kai Salaga, a Gana ta yau. Tafiya ce ta watanni, mutane ɗaruruwa. Akwai kwari da baka a ayarin, gaskiya ne, saboda 'yan fashi. Amma in za a zaɓi madugu, wanda ya san sarakunan hanya ake nema, su ma suka san shi. In an sauka a zango, shi zai shiga gari da gaisuwa, ya zauna gaban sarki a daidaita kuɗin wucewa. A bakin kogi kuma a daidaita kuɗin fito. Ko an tsawwala masa, ba ya ɗaga murya. Ya san ta nan zai komo da goro, kuma goro ba ya jiran rigima, lalacewa yake yi. Baɗi ma ta nan zai biyo.

To, haka kasuwarka take. Wanda ka yi ciniki da shi yau, za ku sake haɗuwa. In ka matse shi ka ci ribar da ta wuce kima, ka ci ta sau ɗaya ke nan. Zai tafi bai ce komai ba, amma ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa 'yan'uwansa. In tayinsa bai yi maka ba, ka ce albarka da fara'a. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Akwai kuma masu gida, waɗanda fatake ke sauka wurinsu. A Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, a da mai shanu kan zo daga Arewa bai san kowa ba. Mai gida zai ba shi masauki da abinci, dillalinsa ya sayar da shanun ga mahautan gari bashi, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya ƙi biya, wuyan mai gida aka kama. Dukiya mai yawa ta yi ta yawo a kan kalmar mutum ɗaya. Shi ya sa mai gida yake sanin kowane mahauci, da halinsa, da bashin da ke kansa. Wannan sani ba a rana ɗaya ake samunsa ba. Sai an yi shekaru ana gaisawa, ana zuwa suna, ana zuwa ta'aziyya.

Ka dubi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Da goro ya fara, yana ɗauko shi daga Akara ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai gyaɗa ta yi daraja. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san manomi ba, manomi bai san su ba. Dole suka nemi irin su Ɗantata, masu yara da amintattu a ƙauyuka. Yakan ba yaransa jari su shiga karkara su sayo, ya yarda da su, su kuma suka riƙe amana. Kafin ya rasu a 1955, sunansa ya zama abin misali a arziki. Mutanen da ya tara tun yana fataucin goro, su suka ɗauke shi.

Saboda haka ka fara tun yanzu, tun ba ka da bukata a wurin kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kake sarin kaya a wurinsa, ka riƙa kiransa ku gaisa ko ba ka son komai. In ba haka ba, duk ranar da ya ga lambarka, ya san bashi kake nema. In ka ji ba shi da lafiya, ka je da kanka. Saƙon WhatsApp yana da amfaninsa, amma zumunta a ƙafa take.

In ranar biya ta zo ba ka da shi, kada ka kashe waya, ɗana. Ka riga shi magana. Ka je ka ce ga halin da ake ciki, ga abin da ya samu, saura sai rana kaza. Mai kaya yakan yafe jinkiri, ɓuya ce ba ya mantawa da ita. In kuma kai kake bin wani, kada ka tsaya bakin shagonsa kana faɗa a gaban yaransa. Ja shi gefe. Wanda ka rufa wa asiri zai yi ƙoƙarin biyanka kafin kowa. Wanda ka tozarta kuwa, ko ya biya, ka yi maƙiyi a kasuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa mai sauƙin kai rahama, a saye da sayarwa da neman bashi.

Maƙwabcinka mai kaya irin naka, kada ka ɗauke shi kishiya. In mai saye ya nemi abin da ba ka da shi, tura shi wurinsa. Ranar da ka tafi masallaci ko asibiti, shi zai duba maka shago. In saɓani ya shiga, kuma zai shiga, ku kai wa dattawan kasuwa kafin ku kai wa hukuma. Shari'a tana iya ba ka gaskiya ta raba ka da abokin ciniki har abada. In an ce ka ba da haƙuri, ka bayar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Kada kuma ka manta da na ƙasa da kai. Ɗan dako, mai gadi, yaron shago. Ka biya su haƙƙinsu a kan lokaci, ka kira su da sunansu. Yaron da ke share shagon wani yau, shi ne Alhajin da za ka nemi kaya a wurinsa nan gaba. Mun ga irin haka da yawa.

Sai dai ban ce ka zama wawa ba. Kunya ta karya 'yan kasuwa masu yawa. Duk bashin da ka bayar ka rubuta shi, ko ga ɗan'uwanka ne, don Allah da kansa ya yi umarni da haka a Suratul Baƙara, kuma rubutu yana tsare zumunci. Wanda ya cuce ka sau ɗaya, ka ci gaba da gaisawa da shi, amma kuɗi hannu. Ana iya cewa a'a da baki mai daɗi.

Ka gaishe da mahaifiyarka. Allah ya sa albarka a nemanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa kai ma ka zama na kirki a wurinsu.