Asabar ko Lahadi?

Mai sauraronmu daga Kafanchan na tambaya: me ya sa Kiristoci ke hutu ran Lahadi, alhali Littafin Fitowa sura 20 Asabar ya ambata?

To malam, Kiristocin farko sun riƙa taruwa ran Lahadi domin a imaninsu ranar ce Yesu ya tashi daga matattu. A shekarar 321 Sarki Kwanstantin na Roma ya mai da ita ranar hutu.

Amma fa ba kowa ya bi ba. 'Yan cocin Adventist, tun faɗuwar rana ran Juma'a suke rufe shago, sai rana ta faɗi ran Asabar. Cocin Orthodox na Habasha kuwa duka biyun yake girmamawa.