Darasi: Hutun Kaka da Yawon Buɗe Ido a Ƙasarmu

'Yan'uwa, idan damina ta ɗauke ƙafa kaka ta shigo, manomi yakan sami ɗan sararin numfasawa. An yanke gero an ɗaure dammuna, an roro wake, an cire gyaɗa, dawa kuma tana jiran lokacinta. Zafin rana ya ragu, sanyin hunturu bai kankama ba tukuna. A tsakanin nan ma'aikata suna da hutun 1 ga Oktoba, ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, ga hutun ƙarshen mako, ga kuma hutun makaranta na Disamba yana tafe. Darasinmu na wannan karo yana kan tambaya guda: da me za mu cika waɗannan ranaku?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka yawon buɗe ido abin Turawa ne da masu hannu da shuni. A Ingila da Amurka, mutane sukan ɗebi iyali su fita kallon itatuwa sa'ad da ganyaye suke canza launi kafin sanyi. Mu namu abin kallon dabam ne, kuma yana kusa. Abin baƙin ciki shi ne yaro ya tashi a Mashi, ya san gine-ginen Dubai ta cikin waya, amma bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba, alhali garinsu yana kusan tsakiyar hanyar Katsina zuwa Daura. Wanda bai san labarin ƙasar da yake zaune ba, baƙo ne a cikinta ko da a nan aka yanke cibiyarsa. Bari mu duba wurare uku da iyali za su iya zuwa su dawo a yini guda.

Na Ɗaya: Rijiyar Kusugu a Daura

Daga Mashi a yi gabas. A cikin birnin Daura akwai tsohuwar rijiya wadda aka kewaye da gini, har yanzu kuwa ana jan ruwa a cikinta. Labarin da kakanni suka bar mana ya ce wata macijiya mai suna Sarki ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wani baƙo, Bayajidda, wanda aka ce ya fito daga Bagadaza ya biyo ta Borno, ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi rijiyar ya kashe macijiyar. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo. Daga zuriyar Bayajidda aka ce an sami Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Ya kamata iyaye su bayyana wa yara cewa wannan labarin baka ne, masana tarihi kuma sun yi ta muhawara a kan ma'anarsa. Duk da haka akwai abin koyo a ciki. Gari ya karɓi baƙo, baƙon ya zama sanadin ruwan shansa. Tsohuwa ce ta fara ba shi masauki, mace ce kuma take kan gadon sarauta. Yaron da ya ji wannan yana tsaye a bakin rijiyar ba zai manta da shi ba, gama gani ya kori ji.

Ba nisa da rijiyar akwai fadar Sarkin Daura. A nan manya za su iya ƙara wa yara da tarihin da yake a rubuce: bayan jihadin farkon ƙarni na 19 sarakunan tsohon gida sun bar birnin, zuriyarsu ta zauna a Zango da Ɓaure, sai a 1906 aka maido da sarautar gare su ta hannun Sarki Musa. Sarki Muhammadu Bashar ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007, Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi.

Na Biyu: Durɓi ta Kusheyi

Wannan wuri yana cikin ƙaramar hukumar Mani, maƙwabciyar Mashi, amma kaɗan ne suka taɓa taka shi. Tuddai ne na kaburburan masu mulkin ƙasar Katsina na dā. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna Palmer ya fara tona a 1907, sa'an nan masana daga Jamus suka sake bincike a 1992. An sami 'yan kunne na zinariya, da awarwaro na hauren giwa, da wuri, da tasar ƙarfe wadda aka ƙera a ƙasashen Gabas. Wannan ya nuna cewa tun shekaru ɗaruruwa da suka wuce, fatake suna haɗa ƙasarmu da duniya ta hanyar hamada. Mai zuwa can kada ya sa ran ganin dogon gini. Tuddan ƙasa zai gani, a tsakiyar gonaki, su tuna masa cewa mai sarauta da talaka makomarsu ɗaya ce.

Na Uku: Birnin Katsina

Daga Mashi a yi yamma. Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsayin kimanin mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Akwai kuma ginin tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An mai da ginin gidan adana kayan tarihi. Ɗan makarantar da ya ga ɗakunan ƙasa da shugabannin nan suka zauna a ciki, zai gane cewa kyan gini ba shi ne karatu ba.

Wannan Gado Namu Ne Duka

Wani zai ce waɗannan wurare na sarakuna ne da na maƙwabtanmu Musulmi, ina ruwanmu da su? Wannan tunani kuskure ne. Waɗansunmu kakanninsu a ƙasar nan aka binne su, waɗansu kuma aiki ko kasuwanci ya kawo iyayensu daga nesa. Dukanmu ruwa ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, harshe ɗaya muke ciniki da shi. Idan muka janye jiki daga tarihin ƙasar, da hannunmu muka mai da 'ya'yanmu bare. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ya je ya gaishe da mutane a wurin da suke girmamawa ya shuka abin da zai girba ranar da ake bukatar fahimtar juna.

Yadda Za A Shirya

1. A ware kuɗin mota da guzuri tun da wuri. Kada a fasa rumbu domin yawo, gama hatsin kaka shi ne abincin bazara da damina.
2. A zaɓi ranar Asabar ko ranar hutun gwamnati, domin kada a rasa sujadar Lahadi. Iyalai biyu ko uku, ko ƙungiyar matasa, za su iya haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota guda.
3. A tashi da sassafe a dawo kafin faɗuwar rana. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a kama ta, kada kuma a yarda da lodin da ya wuce kima.
4. A sa tufafin mutunci, a yi sallama, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. A fada, a bi abin da dogarai suka ce.
5. A tafi da tsoho ko tsohuwa idan suna da ƙarfi, a kuma ba kowane yaro littafi da fensir ya rubuta abin da ya gani.

Tambayoyi Don Nazari

(a) Wanne daga cikin wuraren nan uku ka taɓa ziyarta, me kuma ka koya?
(b) Mene ne bambanci tsakanin labarin baka da tarihin da aka rubuta ko aka tono?
(c) Nawa gidanku yake kashewa a ranakun hutu, a kan me kuma?
(d) Wane tsohon wuri ne a ƙauyenku, rijiya ko kuka ko kufai, wanda yara ba su san labarinsa ba?

'Yan'uwa, kaka ba ta daɗewa. Kafin ƙurar hunturu ta rufe sama, bari kowane gida ya tsai da rana guda, ya ɗebi yara, ya kai su su ga inda labarin ƙasarsu ya faro. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.