Katanga Ɗaya, Gida Biyu: Yaushe Ake Bukatar Safiyo?

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan katangar da ta raba gidanmu da na maƙwabci ne. Da zarar damina ta ɗauke, aikin gini yakan tashi a Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure. Wani zai rushe katangar ƙasa ya maye ta da ta bulo, wani zai ƙara ɗaki domin ɗansa ya isa aure, wani kuma shago zai fitar ta bakin hanya. Daga shekarar 2015 birnin Daura ya ƙara faɗi, fili kuma ya yi daraja. Taku ɗaya da iyayenmu suka bar wa juna ba tare da magana ba, yau yana iya kai 'ya'yansu gaban alƙali. Saboda haka ya kamata mu san lokacin da kiran safiyo ya zama dole, da lokacin da bakin dattawa ya isa.

Abin da ke cikin rigimar katanga

In muka lura, rigimar katanga takan taso ne daga abu uku: inda iyaka take, wanda yake da katangar, da kuma lahanin da sabon aiki zai yi wa maƙwabci. Safiyo gwanin na farko ne kaɗai. Shi ne mai auna fili, ya kafa turakun siminti masu lamba a kusurwoyi, ya zana taswira. Sanin mai katanga kuwa aikin shaidu ne da takardu. Ko tsohuwar katanga za ta iya ɗaukar nauyin sabon rufi, wannan sai gogaggen magini ko injiniya. Wanda ya kira safiyo yana tsammani zai yanke masa shari'a, ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Yadda magabata suka yi

Tun kafin a san safiyo a ƙasar Hausa, akwai masu duba iyaka. Mai unguwa ya san wanda ya gaji kowane gida, daga gare shi magana ta je wurin dagaci, ta wuce ga hakimi, in ta gagara ta kai fada. A manyan garuruwa akwai Sarkin Magina, wanda maganarsa take da nauyi a kan sha'anin gini. Shari'ar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da ita, ta kafa ƙa'ida cewa kada mutum ya yi abin da zai cuci maƙwabcinsa ko da a cikin gidansa ne. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya dubo katangar da ake jayayya a kanta. Yakan duba ginin wa katangar ta sarƙe da shi, da itacen rufin wa ya hau kanta. Har yau dattawanmu sukan dubi azara da inda indararo yake zuba kafin su ce uffan. Littafi Mai Tsarki ma ya hana a kawar da alamar iyakar maƙwabci, a Maimaitawar Shari'a 19:14 da Karin Magana 22:28.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A cikin birni gwamna ne yake ba da izinin riƙe fili, a karkara kuma ƙaramar hukuma. Wanda yake da gininsa tun kafin 1978, doka ta ɗauke shi kamar an riga an ba shi izini, amma gidajen gado da yawa a cikin tsohon gari ba su da taswira ko kaɗan. A 1989 aka kafa majalisar da take yi wa safiyo rajista a Nijeriya, wato SURCON, kuma taswirar da mai rajista ya sa wa hannu ita hukuma take karɓa. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce a nemi izinin hukuma kafin a ta da gini.

A Ingila an yi wa katangar tarayya doka ta musamman a 1996. Mai gini zai rubuta wa maƙwabcinsa sanarwa wata 2 kafin ya taɓa katangar, ko wata 1 kafin ya haƙa rami a cikin mita 3 daga ginin maƙwabcin, in ramin zai fi tushensa zurfi. Idan maƙwabci ya yarda a rubuce cikin kwana 14, ba a bukatar safiyo. Idan bai yarda ba, sai a naɗa safiyo, mai ginin ne kuma yakan biya. Wannan doka ba ta aiki a ƙasarmu, amma tsarinta abin koyi ne: a fara da sanar da maƙwabci, a kira gwani in an kasa daidaitawa.

Inda safiyo ya zama dole

Na ɗaya, in za a rushe katangar ƙasa a gina ta bulo. Katangar tubali tana da kauri ƙwarai a gindi, bulo kuwa inci 6 ne ko 9. In an gama aiki, wani ɗan fili zai rage, kowa kuma zai ce nasa ne. A gidan da ba shi da takarda, tsohuwar katanga ita ce shaidar iyaka, ranar da ta faɗi shaida ta tafi. Don haka a auna tun tana tsaye.

Na biyu, in za a raba gidan gado ko a sayar da sashensa. Sabuwar katanga za ta ratsa inda dā tsakar gida ce, jikoki kuma ba za su tuna da abin da aka faɗa da baki ba.

Na uku, a sababbin unguwanni inda aka yanka fuloti, in turakun iyaka sun ɓace ko ana zargin an gusa da su. Kada mu yarda magini ya ja igiya da ƙiyasi.

Na huɗu, in za mu nemi takardar mallaka ko izinin gini, balle ginin bene.

Inda bakin dattawa ya isa

In yaɓe ne za a yi, ko gyaran inda ruwan Agusta ya zaizaye, katanga kuma ba za ta gusa daga inda take ba, ba sai an kira safiyo ba. Ya isa mu je wurin maƙwabci tun kafin a sauke yashi, mu gaya masa abin da muke niyya. A kira mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta wanda yake da katangar, da wanda zai biya kuɗin aiki, da inda ruwan rufi zai zuba, kowane gida ya ajiye takarda ɗaya. A ɗauki hoton katangar kafin a taɓa ta. Kada a haƙa masai ko tushe a gindin katangar ƙasa sai magini ya duba, gama danshi da rami su ne suke kayar da ita, a bayanta kuwa sau da yawa ɗakin kwanan yara ne.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin awo bai kai kuɗin rushe ɗakin da aka riga aka rufa ba, maƙwabcin da muka ɓata da shi kuwa da shi za mu ci gaba da kwana da tashi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Katangar gidanmu ta wa ce, wane ne kuma shaida?
2. In mai gida ya rasu yau, 'ya'yansa sun san iyakar gidan?
3. Ina ruwan rufinmu yake zuba?

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.